Belin Jikata Alheri

'Yan'uwa cikin Ubangiji, ina gaishe ku da sunan Yesu, wanda ya riƙe hannuna ranar da na so in yi ɓarna.

An haifi jikata Alheri a nan Talata Mafara da tsagaggiyar hanƙa, wato saman cikin bakinta a rabe. In ta kama nono, sai ya dawo ta hanci. Kullum ramewa take yi. Uwarta Rifkatu, matar ɗana, ta ce mu tafi asibiti. Na daka mata tsawa, na ce beli ne, mu duka an cire mana muna jarirai. Allah ya gafarta mini, har na ce daga danginsu abin ya fito.

Na kira wanzami, wani dattijo mutumin Bakura da muka daɗe muna mutunci. Ya buɗe bakin yarinyar, ya duba, ya mayar da askarsa cikin zabira.

"Baba, beli biyu nika gani, ɗaya nan, ɗaya can. Wallahi ba ni taɓa ɗiyar ga."

Na shiga ɗaki na durƙusa. Na ce, "Ya Yesu, taurin kaina zai kashe yarinyar nan. Ka nuna mini hanya." Da na fito na ce wa Rifkatu, "'Yata, ɗauko zanen goyo."

A asibiti a Sakkwato aka koya mata yadda za ta shayar da ita, har ta yi ƙwari. Kafin a yi mata aikin ɗinki, likita ya ɗauki hoton cikin bakin, ya nuna mana a kwamfuta. Ga hanƙar Alheri kamar an gina ta da yumɓu, yana juya ta da yatsa, yana gwada inda zai ɗinka tun bai taɓa yarinyar ba. Na ga belin nan biyu. Na tambaye shi ko yanke su zai yi.

Ya ce, "A'a, Baba. Guda ɗaya ne ya rabu. Naman nan shi zan haɗa."

Wayyo! Abin da na so a zubar, da shi za a gyara ta. Na juya na roƙi Rifkatu gafara a gaban likita.

Aka yi aikin lafiya, yanzu har ta fara magana. Shekaranjiya ina shan koko, Alheri ta ce, "Kaka, da zafi," ta kumbura kumatu ta hura mini. Iskar ta baki ta fito, ba ta hanci ba!

Na gode wa Ubangiji. Mai irin wannan yaro, kada ka ɓoye shi, kada ka kira mai aska. Ka yi addu'a, ka kai shi asibiti, ka dogara ga Yesu. Amin.