Ni Ce Babba

A cikin adaidaita sahu daga Dala, wata dattijuwa ta dubi matar da ke gefenta.

"Zumunci ya mutu, 'yar nan. Ƙanena na kwance a asibiti, sai a bakin maƙwabta na ji."

"Subhanallahi! Nesa kuke, Hajiya?"

"Katanga ce tsakaninmu. Tun azumi bai leƙo ni ba."

"To yanzu dubiya za ki?"

"Biki za ni. Ni ce babba, shi ya kamata ya fara zuwa."

"Jikin da sauƙi dai?"

"An ce ko magana ba ya yi."

"Kwantar da hankalinki, Hajiya. In aka ɗauko shi a makara, ta ƙofar gidanki za a wuce. Kin ga shi ya fara zuwa."