Lahadin Tsere a Shagon Ermes

A tashar bas ta wani ƙauye kusa da birnin Modena na ƙasar Italiya, wani tsoho ya zauna gefen wata mata mai rungume da jakar kaya.

"Baiwar Allah, waɗannan ba rigunan direbobinmu na tsere ba ne?"

"Su ne, Baba. An ba ni in farke tambarin kamfanin motocin daga ƙirjinsu. Motocin sun daina sayuwa, an ce ba kuɗin ɗaukar nauyin tsere kuma."

"Ƙarya ne! Haka aka ce bara."

"Ni na ɗinka shi da hannuna, ni kuma zan cire. A kamfanin ka yi aiki ne?"

"Ina! Ko tuƙi ban iya ba."

"To mene ne naka na tada jijiyar wuya?"

"Duk Lahadin tsere muna taruwa kallo a shagon kofi na Ermes. Da zarar motarmu ta wuce wata, kowa sai ya rungume na kusa da shi, ko bai san shi ba."

"Ai sai ku koma kallon ƙwallo."

Tsohon ya shafa hannun rigar da ya leƙo daga jakar.

"Tun da matata Nerina ta rasu, a shagon nan ne kaɗai wani ke taɓa jikina."