Sahur a Ranar Tiyata

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, iyayena da 'yan'uwana. Sunana Rahila, daga wani ƙauye a ƙasar Tsanyawa. Waɗanda suka san ni sun san bakina. Ni ce matar da ba a kayarwa a magana. Ko ni na zubar da miya, sai na nemo wanda ya ajiye tukunyar a kan hanya. To, yau na tsaya in faɗi laifina da bakin nan nawa.

A shekarun nan da masara ta gagari talaka, maigidana ya kamu da ciwon ƙaba. Ya yi ta ɓoyewa yana noma a haka, har ranar da aka ɗauko shi daga gona a amalanke. Likitocin gwamnati suna yajin aiki. Muka sayar da awakinmu, muka shiga mota zuwa wani asibitin kuɗi a wajen Bici.

Wanda bai taɓa kwana a irin wurin ba, ya ji. Gado na mara lafiya ne, mai jinya kuwa tabarma a ƙasa. Bokiti, kwano, risho, abinci, duk ke za ki zo da abinki. Likitan tiyata daga Kano yake zuwa, ran Alhamis kaɗai. In ya wuce ku, sai wani mako, ga shi kullum ciwon ƙaruwa yake.

Ran Laraba da yamma wata nas ta leƙo tana sauri, ta ce, "Mama, gobe da safe za a yi wa Baba aiki. Sai ya yi azumi."

Na ce to. Ban tambaye ta komai ba. Ni Rahila in tambayi sa'ar 'yar cikina ma'anar azumi? Cikin maƙwabta Musulmi na tashi, na san kowane azumi da sahur ɗinsa. Mu ma a ikilisiya sai gari ya waye muke kamawa.

Da aka kira sallar asuba na kunna risho, na dama kunun tsamiya mai kauri, na ɗumama tuwon jiya. Maigida ya ce ba ya jin ci. Na ce, "Ci mana, Maigida. Da wane ƙarfin za ka shiga hannun likita?" Ya ci, don ya san ba zan bar shi ba.

Wajen ƙarfe takwas mai allurar barci ya shigo da takarda a hannu. Ya tsaya a kan maigida ya ce, "Baba, tun daren jiya ka ci ko ka sha wani abu? Ko ruwa ne, ka faɗa mini."

Daga jin "ko ruwa ne" na san na yi ɓarna. Ɗakin cike yake da mutane, kowa ya zuba mana ido. Na tuna likita zai koma Kano. Na tuna dariyar da za a yi mini a gida. Kafin maigida ya buɗe baki na ce, "A'a, bai ci komai ba."

Mutumin ya ce, "Haka ne, Baba?"

Maigida ya dube ni, ya sauke ido, ya ce, "Yadda ta faɗa."

Aka sa na dangwala yatsa a takarda, aka tura shi a gado mai taya zuwa ɗakin tiyata, aka rufe ƙofa.

Akwai wata Hajiya da ke jinyar ɗanta a gadon kusa da mu. Ta ja ni gefe, ta rage murya ta ce, "'Yar'uwa, ki yi haƙuri, na ga kwanon nan da asuba, na ɗauka an ɗaga aikin ne. In aka sa wa mutum barci da abinci a cikinsa, yana iya yin amai ya koma masa huhu. Ba kowa ke tashi ba."

Kun san me na ce mata? Na ce, "Haba Hajiya, ai ɗan kunu ne." Kun ji ni fa! Mijina yana bayan ƙofa, ni ina nan ina kare kaina.

Amma maganarta ta ƙi barin kunnena. Na lallaɓa bayan ɗaki kusa da tankin ruwa, na durƙusa. Na ce, "Ya Yesu, ka rufa mini asiri." Na faɗa, na sake faɗa. A na ukun sai na ji abin da bakina ke cewa. Asirina nake roƙo, ba ran mijina ba! Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Na fashe da kuka na ce, "Ya Ubangiji, ka tona ni, ka bar shi da rai. Ka riƙe hannun mai allurar nan har in isa."

Na tashi da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa. Na yi ta dukan ƙofar tiyata da hannu biyu. Nas ta buɗe a fusace ta ce, "Mama, ba a shiga nan!"

Na ɗaga murya yadda duk asibitin ya ji: "Ƙarya na yi! Ya ci tuwo, ya sha kunu da asuba, ni na ba shi!"

Ta juya da gudu. Na tsaya ina kallon ƙofar, ban san ko na makara ba. 'Yan'uwa, ban taɓa tsayuwa mai tsawon wannan ba.

Sai mai allurar barci ya fito, allurar na hannunsa, a cike. Ya ce, "Mama, janareta ne ya ƙi tashi, wuta muke jira. Da tuni na yi masa." Bai rufe baki ba janaretan ya ɗauka, fitilu suka kama. Haleluya! Na zube a ƙasa a wurin.

Likita ya fito ya wanke ni tas a gaban jama'a, kuma karo na farko a rayuwata ban mayar ba. Da ya huce ya ce zai fara da sauran, ya yi na maigida a ƙarshe. Bayan la'asar aka shiga da shi, aka fito da shi lafiya.

Washegari da ya dawo cikin hankalinsa na tambaye shi, "Maigida, me ya sa ka biye mini? Ai ka san ka ci."

Ya ce, "Rahila, tun da muka yi aure ban taɓa ƙaryata ki a gaban mutane ba. Na ɗauka kin san abin da kike yi."

Ransa ya ɗora a kan maganata, ni kuwa na ɗora shi a kan ƙarya.

Ina gode wa Yesu da ya riƙe allurar nan, ya kuma karya taurin kaina kafin in zama gwauruwa da hannuna. 'Yan'uwana, in an faɗa muku abu a asibiti ba ku gane ba, ku tambaya. In kun yi kuskure, ku faɗa tun ƙofa ba ta rufe ba, ku bar wa Ubangiji sauran, ba zai yashe ku ba. Ga maigidan can a benci na biyu, ku dube shi, da ransa. Yabo ya tabbata ga sunan Yesu. Amin.