Ambulan Haraji Zuwa Kano

A cikin abra, kwale-kwalen da ke tsallakawa zuwa unguwar Deira, can ƙasar Larabawa, wani dattijo ya leƙa wayar matashiyar da ke gefensa.

"'Yata, me kike ta dannawa haka?"

"Takardar harajina ta Najeriya nake cikewa, Baba. Minti biyar, khalas, an gama."

"Ni a da ta gidan waya nake aika wa yayana a Kano, ya kai ofis. Ya dawo min da rasit, da wasiƙa shafi biyu: wance ta haihu, wane ya rasu."

"Ai yanzu ka huta."

"Na huta kam. Shekara uku ban ji ɗuriyarsa ba."

"To ka kira shi mana!"

"In ce masa me? Tun rabon gado ba ma magana. Harajin nan ne kaɗai yake sa mu gaisa."