Filon Bayan Fumie

A tashar bas ta gaban gidan kula da tsofaffi a birnin Niigata, tsoho Hoshino ya juya ga baƙuwar matar da ke zaune kusa da shi.

"'Yata, ke ma naki juya shi suke ya kalli bango?"

"Mahaifiyata ce, Baba. Duk awa biyu ake juya ta."

"To ni na kasa ganewa. Kullum sai in tarar da matata Fumie ta ba ni baya, an tokare ta da filo. Da ma'aikatan gidan sun fita nake zare shi, in kwantar da ita rigingine mu ga juna har yamma. Yau kuma wai jan da ke ƙugunta ya ƙaru, har hoto suka nuna min. Wa ke ɗaukar hoton ƙugun matar mutane?"

"Har yamma? Baba, ai daɗewa a kwanciya ɗaya ke kawo jan nan, har ya zama gyambo."

"Ba ƙazanta ba?"

"Ni ma haka na zata. Shekara biyu ina jinyar Mama a gida, ina ta wanke ta." Ta sunkuyar da kai. "Gyambon ya yi ta ci, sai da aka ga ƙashi."

Hoshino ya dubi hannuwansa. "Wata uku ina yi. Na ɗauka gyara nake."

"Ka gaya musu."

"To in an juya ta, ni ina zan zauna?"

"Ka zagaya da kujerarka mana, Baba."

Bas ta iso, matar ta shiga. Shi kuwa ya miƙe ya koma cikin gidan.