Kogin da Shanu Suka Ƙi Sha

A tashar Tanut, ana jiran motar Belbeji ta cika, wani dattijo makiyayi ya leƙa wayar matashin da ke gefensa.

"Fim ɗin kaboyi ne? Kai, an matse su a 'yar wayar nan! Ni a silimar Damagaram na gan su, ɗana. Doki ɗaya ya kai tsayin shagon can."

"Ashe Baba ya sha kallon harbi."

"Wane harbi? Shanu na gani! Garke ya cika bango, ƙura ta tashi, har na rufe hanci da rawani. Sai ga kogi, ruwa har wuya. Suka shiga, suka fita, babu wadda ta tsaya ta sha."

"To, sai me?"

"Sai na miƙe ina ihu, 'Ku bari su sha mana!' 'Yan birni suka yi ta jifana da ɓawon gujiya."

Matashin ya ƙyalƙyale da dariya. "A ƙarshe wa ya yi nasara?"

"Oho. Shekarar fari ce, ban daɗe da baro saniyata ta ƙarshe kwance a bakin rijiya ba." Ya sake leƙa wayar. "Ashe akwai ƙasar da saniya ke ƙoshi da ruwa. Tura shi gaba, ɗana, mu gani ko akwai kogi."