Buɗaɗɗen Man Birki

A rumfar mai sayar da baƙin mai a tashar Bagudo, tsohon direba Haliru ya ga wani baƙo ya zaɓi man inji mafi tsada, sannan ya ɗauki buɗaɗɗen man birki.

"Ɗana, motar tsere ce?"

"Ita ce, Baba. Asabar za mu kara."

"Ajiye wannan, ya sha danshi. Birki na yin zafi zai tafasa, ka taka ka ji wayam."

"Ku da kuka zuba ruwan sabulu a zamaninku?"

Haliru ya murmusa. "Mun zuba. Mu takwas muke taso Fijo daga iyakar Benin, tsuntsu bai kamo mu. Kai, an yi zamani!"

"To, me ya same ku?"

"Ni? Ba komai. Sauran bakwai ɗin ne ba su samu tsufa ba."